TSORON MUTUWA A WAƘOƘIN WA'AZI NA HAUSA: YANAYINSA DA TUSHENSA

1.0 Gabatarwa

Akwai wani zargi da aka daɗe ana yi wa rubutattun waƙoƙin wa'azi na Hausa, musamman a tsakanin 'yan boko, wato cewa ba su da wani aiki illa tsoratarwa. Masu wannan ra'ayi suna ganin marubutan sun ɗauki mutuwa da kabari da wuta sun mayar da su bulala, suna ta dukan zukatan jama'a har tsoro ya zauna musu. Saboda haka wasu malaman makaranta sukan tsallake irin waɗannan waƙoƙi idan sun zo gare su, wasu kuwa su karanta su don kawai su ga aji ya yi tsit. Duka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda, shi ne cewa waƙar ce ke haifar da tsoron.

Wannan maƙala za ta auna wannan zargi. Za ta fara da duba tushen tsoron mutuwa kamar yadda masana suka yi bayaninsa, sannan ta ɗora waƙoƙin a kan sikeli. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne, marubutan sun tarar da tsoron a zuciyar ɗan Adam tun kafin su ɗauki alƙalami, kuma aikin da gwanayensu suka yi shi ne juya akalarsa daga mutuwar kanta zuwa ga haƙƙin mutane. Da wannan ma'auni ne za a iya bambance waƙa mai ƙarfi da mai rauni.

2.0 Firgita da Sani

Abu na farko da ya kamata a rarrabe shi ne firgita da tsoron mutuwa. Firgita halitta ce, kuma mun yi tarayya da dabbobi a cikinta. Idan maciji ya gifta, zuciya takan buga, jiki ya yi tsalle tun kafin mutum ya yi tunani. Haka kaza take yi idan ta ga inuwar shaho. Amma ragon layya yakan ci dusarsa hankali kwance ranar jajibere, domin bai san gobe ba. Mutum kuwa yana iya kwanciya a ɗakinsa, lafiya lau, ƙofa a kulle, barci ya ƙaurace masa saboda ya tuna wata rana ba ya nan. Wannan shi ne tsoron mutuwa na haƙiƙa, kuma tushensa sani ne.

Shi wannan sani ba a haihuwar yaro da shi. A shekarar 1948 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Maria Nagy ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan yara 378 a birnin Budafes na ƙasar Hungari, 'yan shekara 3 zuwa 10. Ta gano cewa ƙanana ƙwarai suna ɗaukar mutuwa kamar barci ko tafiya wadda ake dawowa. Na tsakiya suna ɗaukar ta kamar wani mutum da ke zuwa ya ɗauke wasu, wanda mai wayo zai iya zille masa. Sai manya daga cikinsu ne suka gane cewa ba a dawowa, kuma ba ta barin kowa. Binciken da ya biyo baya ya nuna yara da yawa sukan kai ga wannan fahimta tun suna tsakanin shekara 5 zuwa 7. Ke nan kafin a rera wa yaro baiti ɗaya na wa'azi, hankalinsa ya riga ya kai shi bakin wannan tambaya.

Malaman Musulunci na da ma sun yi wannan nazari. Ahmad Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a shekarar 1030 Miladiyya, ya yi bayani a kan tsoron mutuwa a littafinsa na gyaran ɗabi'u, inda ya lissafa dalilansa. Daga ciki akwai rashin sanin mene ne mutuwa, da zaton cewa rai yana ƙarewa tare da jiki, da zaton cewa akwai wani raɗaɗi na daban a cikinta, da tsoron azaba, da kuma baƙin cikin barin iyali da dukiya. Idan aka tattara waɗannan za a ga sun koma gida uku: tsoron shuɗewa, da tsoron rabuwa, da tsoron hisabi.

3.0 Ra'ayoyin Masanan Turai da Amurka

Masanin falsafar nan na Girka, Epikuros, wanda ya rayu tsakanin 341 da 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗauka cewa tsoron mutuwa kuskuren lissafi ne. A ganinsa cutarwa tana buƙatar mai jin ta, matacce kuwa ba ya jin komai, don haka babu abin tsoro. Wannan hujja, ko ga wanda ya karɓe ta, gida ɗaya kawai ta taɓa daga cikin ukun. Ba ta ce komai ba ga uwar da ke tunanin wanda zai riƙe mata marayu, balle ga wanda ya yi imani da tashin ƙiyama.

A zamaninmu, littafin da ya fi yin tashe a wannan fage shi ne The Denial of Death na Ba'amurke Ernest Becker, wanda ya fito a 1973, ya kuma sami lambar Pulitzer a 1974, shekarar da marubucin ya mutu. Becker ya ce mutum halitta ce da ta san za ta mutu amma ba ta iya zama da wannan sani, sai ta shiga ƙoƙarin musunta shi. Neman suna, da tara dukiya, da gine-gine, da jarumta, duk a wajensa dabaru ne na jin cewa mutum zai dawwama. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Duk wanda ya ga yadda maroƙi ke wasa basarake da sunayen kakanninsa, ko yadda ake jajanta wa wanda ya tsufa bai bar baya ba, zai gane abin da Becker ke nufi.

Mabiya tunaninsa sun gwada wannan ra'ayi a aikace. A wani bincike da aka buga a 1989, an raba alƙalai 22 na birnin Tucson da ke jihar Arizona gida biyu. An sa kashi ɗaya su yi rubutu a kan mutuwarsu, aka ƙyale ɗaya kashin, sannan aka ba su duka shari'a iri ɗaya ta wata mata da ake tuhuma da karuwanci, aka ce su yanke kuɗin beli. Waɗanda aka tuna wa mutuwa sun yanke dala 455 a matsakaici, sauran kuwa dala 50. Ya kamata a ambata cewa a 2019 wasu gungun masu bincike sun sake yin wani gwaji na wannan mazhaba a jami'o'i da dama ba su sami sakamakon farko ba, don haka har yanzu ana taƙaddama. Duk da haka labarin alƙalan yana ɗauke da darasin da za mu buƙata a gaba: tuna mutuwa kaɗai ba ya tausasa zuciya, yana ma iya ƙeƙasa ta. Abin lura shi ne inda aka fuskantar da tsoron.

Haka kuma, Jonathan Jong da abokan aikinsa sun tattara bincike 100 da aka yi a kan mutane kimanin 26,000 game da dangantakar addini da tsoron mutuwa. Sun tarar dangantakar ba ta da ƙarfi yadda ake zato. Wasu daga cikin binciken sun nuna cewa masu ƙarfin imani da kuma waɗanda suka yanke cewa babu komai bayan mutuwa su ne suka fi ƙarancin tsoro, yayin da na tsakiya, masu ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, suka fi kowa fargaba. Wannan ya raunana da'awar cewa wa'azi ne uban tsoro.

4.0 Mutuwa a Bakin Bahaushe da Al'adarsa

Kafin a shiga waƙa, yana da kyau a saurari harshen yau da kullum. Bahaushe yana kauce wa kalmar mutuwa idan mutum ake magana. Yakan ce ya rasu, ko ya cika, ko ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko rai ya yi halinsa. Yana yi mata kirari da mai yankan ƙauna, wanda ya nuna rabuwa ce ta fi yi masa ciwo. Ya kuma ce barci ƙanen mutuwa, ya ce mutuwa rigar kowa.

Tsoron ya girmi zuwan rubutu. Imani da kurwa da fatalwa da maita, da kuma sunaye irin su Ajuji da Ajefas da ake laƙaba wa yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa don a nuna kamar ba a damu da shi ba, duk alamu ne na tsohuwar fargaba. A kushewun Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, waɗanda aka haƙa a 1907 aka kuma sake haƙawa a 1992, an sami manyan mutane an binne su da kayan ado da tasoshin ƙarfe. Mutanen da suka yi wa mamaci guzuri irin wannan sun yi tunanin abin da ke gaba tun kafin a rubuta waƙar wa'azi ko ɗaya da Hausa.

Sai dai a wani fanni al'adarmu ta saɓa wa hoton da Becker ya zana. Ba ma ɓoye mutuwa. Ana yi wa mamaci wanka a gida, a sa shi a likkafani, a ɗauko makara a kafaɗa a bi ta cikin unguwa yara suna gani, a binne shi cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya fi jan hankali shi ne sanarwar da ake yi a wajen jana'iza, cewa duk wanda ke bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Majinyacin da ya ga alamar tafiya yakan kira iyali da maƙwabta ya ce a yafe masa, haka ma maniyyaci kafin ya tashi. Addu'ar da ake rufe ta'aziyya da ita kuwa ita ce Allah ya sa mu cika da imani. Idan aka haɗa waɗannan za a ga cewa Bahaushe Musulmi bai cika damuwa da shuɗewa ba. Damuwarsa ita ce halin da zai tafi a ciki da kuma nauyin wanda zai tafi da shi.

5.0 Waƙoƙin a Kan Sikeli

Mervyn Hiskett, a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa da ya fito a 1975, ya nuna cewa waƙoƙin wa'azi sun sha daga rijiyar adabin zuhudu na Larabci. Wannan gaskiya ne, domin har gobe ana karanta ƙasidar Zuhudu a makarantun zaure. Haka kuma malamanmu sun san Ihya'u na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, wanda kuma ya rufe littafin da babi na 40 a kan tuna mutuwa da abin da ke bayanta. A can ya kasa mutane uku. Akwai wanda ya dulmuya cikin duniya, wanda ba ya tuna mutuwa sai don baƙin cikin abin da zai bari. Akwai mai tuba, wanda yake tsoron kada ta riske shi bai gama gyara ba. Akwai kuma masanin Allah, wanda yake kallon ta a matsayin lokacin saduwa. Aikin mai wa'azi ke nan ya fito fili: ya ɗauko mutum daga rukuni na farko ya kai shi na biyu. Tsoron yana nan a duka biyun, abin da ake tsoro ne ya sauya.

Babu waƙar da ta yi wannan aiki kamar Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta da Fulatanci wajen 1812, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ɗansa Isa kuma ya yi mata tahamisi. Shekarun nan suna da muhimmanci. Alƙalawa ta faɗi a 1808, ke nan lokacin da Shehu ya yi waƙar mulki yana hannun jama'arsa. Bai yi ta don sarakunan Gobir ba, ya yi ta ne don almajiransa da suka zama sarakuna da alƙalai da masu riƙe da dukiyar jama'a. Ta gargaɗi mai neman sarauta don ya tara dukiya, da mai ƙwace gonar wani, da alƙalin da ya karkata hukunci, da mai bautar da ɗa, da mai ha'inci a kasuwa. Kowane baiti yana rufewa da kalmomin da suka zama sunanta, kamar alƙali yana buga hatimi a ƙarshen hukunci.

A nan ne ya kamata a tuna alƙalan Arizona. Su an tuna musu mutuwa tsurarta, sai suka tsananta wa mai rauni. Shehu kuwa ya tuna wa alƙali mutuwa tare da gaya masa cewa wanda ya zalunta yana jiran sa a gaba. Waƙar ba ta ɓata lokaci wajen siffanta fitar rai ba. Kusan duk inda ta ambaci wuta, ta ambaci wani laifi da aka yi wa wani mutum. Wannan ya yi daidai da hadisin da Muslim ya ruwaito game da matsiyacin lahira, wato wanda ya zo da salla da azumi amma ya zagi wannan ya ci dukiyar wancan, har aka rarrabe ladansa ga masu haƙƙi. Tsoron da irin wannan waƙa ke motsawa yana da mafita a yau ɗin nan: a mayar da gonar, a biya bashin, a nemi yafiya. Kuma talakan da ya saurare ta ba firgita yake yi ba, sanyi yake ji, domin ta gaya masa cewa wanda ya fi ƙarfinsa ma yana da ranar tsayuwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ta rayu kusan shekara 200 a bakin jama'a.

Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, sun bi wata hanyar. Sun haɗa begen Annabi (SAW) da gargaɗi a kan ruɗin duniya da mutuwa, ta yadda mai sauraro ba ya daɗewa cikin fargaba sai an dawo da shi ga ƙauna da fatan ceto. Malamai sun kamanta tsoro da fata da fukafukan tsuntsu guda biyu, kuma a Imfiraji ana jin duka biyun suna kaɗawa. Shi ya sa makafi suka ɗauke ta suna rerawa ƙofa ƙofa, matan gida suna fitowa da sadaka suna neman a ƙara. Ba a neman ƙarin abin da tsoro kawai yake bayarwa.

6.0 Inda Rauni Yake

Wannan ba yana nufin zargin ba shi da tushe ko kaɗan ba. Akwai waƙoƙin da nauyinsu ya rinjaya wajen zayyana azaba. Sunayen Jan Mari da Baƙin Mari kansu sun isa shaida, tun da mari shi ne ƙarfen da ake ɗaure ƙafar ɗan sarƙa da shi. Ba a musun ƙwarewar harshe a irin waɗannan waƙoƙi, amma a ganina akwai rauni iri uku da ke bin wannan salo.

Na farko, idan aka jera azaba baiti bayan baiti ba tare da an ɗaura kowace da wani aiki da mai sauraro zai iya gyarawa ba, kunne yakan saba. Mutum ya girgiza kai, ya yi salati, ya tashi ya koma kan mudunsa na algus. Na biyu, tsoron da ba a nuna masa ƙofar fita ba yakan zama yanke ƙauna, musamman ga mai raunin zuciya, alhali malamai sun haɗu a kan cewa fid da rai daga rahamar Allah babban laifi ne. Na uku, waƙoƙin wa'azi a dunƙule ba su ba tsoron rabuwa haƙƙinsa ba. Sukan ambaci iyali da 'ya'ya a cikin jerin kayan duniya da za a bari, kamar dai ƙaunarsu wani ɓangare ne na ruɗi. Amma uban da ke kwance yana tunanin makomar 'ya'yansa mata ba gafalalle ba ne.

Wannan giɓi marsiyya ce ta cike shi. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙin gargaɗi a kan ƙiyama waɗanda jajinta suka kai wa mata a ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru, ita ce kuma ta yi marsiyyoyi ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'ishatu. A cikinsu ta bayyana kewa da zafin rashi a fili, ba ta ɗauke su rauni a imani ba. Wanda ya karanta wa'azinta bai karanta marsiyyarta ba, rabin tunaninta ya sani. An tattara ayyukanta a kundin da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tsoron mutuwa yana da tushe a cikin sanin da ɗan Adam ya keɓanta da shi, kuma yana fitowa ta fuska uku: shuɗewa, da rabuwa, da hisabi. Waƙoƙin wa'azi na Hausa sun fi yin aiki a kan fuska ta uku, kuma darajar kowace tana gwargwadon yadda ta mayar da tsoro ya zama gyara tsakanin mutum da ɗan'uwansa.

Ga malaman makaranta akwai abin ɗauka guda biyu. Na ɗaya, a yi la'akari da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2007 a ƙasar Ostareliya a kan yara 90 'yan shekara 4 zuwa 8 ya nuna cewa waɗanda suka fi fahimtar mene ne mutuwa sun fi ƙarancin tsoronta. Yaron firamare bayani yake buƙata cikin natsuwa, ba siffar sarƙoƙi ba, kuma gaya masa cewa kakarsa ta yi tafiya ko tana barci yana iya sa shi tsoron barcin kansa. Na biyu, idan aka zo koyar da waƙar wa'azi a sakandare, a fara da tambayar wa aka yi wa ita, a wace shekara, kuma wane laifi take nunawa. Ɗalibin da ya gane cewa Shehu da manyan gwamnatinsa yake magana zai daina ganin Tabbat Haƙiƙa a matsayin dodo, ya fara ganin ta a matsayin takardar tuhuma ga duk wanda aka damƙa wa amana.

Mu kuma dattawa, musamman waɗanda suka taɓa riƙe biro a ofis suka sa hannu a kan fili ko gado ko haƙƙin ma'aikaci, waƙar da mu take. Sanarwar bashi da ake yi a bakin makara tana zuwa ne bayan mai bayani ya yi shiru. Gara mutum ya yi ta da bakinsa tun yana iya tashi ya je ƙofar mai haƙƙi. Allah ya kyautata ƙarshenmu, amin.